Nas-nas ɗin sashen gaggawa sun ƙosa da aiki: da me majo za ta fara?

Hadiza M., Arewa Mai Nisa

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Tambayata a kan sashen gaggawa ce na wani asibitin gunduma a nan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ba sai an kama suna ba. Nas bakwai ne ban da majo, wato shugabar nas-nas ɗin sashen: uku na gwamnati, huɗu asibiti ke biyansu daga kuɗin shiga. Mutum biyu ke tsayawa a kowane lokaci. Masu rana daga 7:30 zuwa 3:30 na yamma, masu kwana su karɓa daga nan har 7:30 na safe, awa 16 ke nan. Daga Agusta zuwa Oktoba yara masu zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗaki har a shimfiɗa tabarmi a baranda. Ga hatsarin babur ranar kasuwa, ga saran maciji lokacin aikin gona.

Yanzu makara ta zama jiki, takardun hutun rashin lafiya sun yi yawa, cacar baki da masu jinya kusan kullum. Akwai wadda kowa ya sani da sanyin hali, yanzu uwar yaro na yi mata magana ko kai ba ta ɗagawa. Sau biyu ana kama kuskuren lissafin allura kafin a kai ga yaro. Na sama sun ce lalaci ne, a raba takardun tuhuma. Wasu sun ce a tara su a yi musu nasiha. Masu sanin abin nan, me ke faruwa? Kuma da me za a fara, tunda an ce babu kuɗin ɗaukar sababbin ma'aikata?

Hamma Bello, Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye takardar tuhuma tukuna, ɗauko biro. Mako awa 168 ne. Gurbi biyu da ba a barinsu ba kowa, awa 336 ke nan. Raba wa mutum bakwai, kowa ya tashi da 48. Wannan fa in kowa na nan. Ran da ɗaya ta tafi hutun haihuwa, wanda mako 14 ne a dokar ƙwadago ta Kamaru, shidan da suka rage sun koma awa 56. In kuma aka janye wani zuwa rabon maganin kariyar zazzaɓi na yara, wanda ake yi wata-wata da damina a Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, ko aka tura shi taron horo a Marwa, biyar suka rage, kowa na yin awa 67 da ɗoriya. Dokar ƙwadagon ta 1992 awa 40 ta ɗauka a matsayin makon aiki. Kuma janyewar tana faɗowa daidai watannin da ɗakin ya fi cika.

Sai kwanan awa 16, wanda ya fi komai ɓarna. Matar da ta tashi da asuba, ta ɗora abin kari, ta sallami 'yan makaranta, ta yi girkin rana, ba ta runtsa ba ta karɓi aiki 3:30. Ƙarfe goma na dare ta cika awa 17 ido biyu. A 1997 masu bincike biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, sun auna cewa awa 17 ba barci na rage kaifin hannu da na tunani daidai da giyar da ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jini, awa 24 kuma ya kai wajen 0.10. Wato baiwar Allah da ba ta taɓa kai giya bakinta ba, a wannan hali take lissafa allurar yaro da ƙarfe huɗun asuba. Kuskuren da kika ce an kama, duba rajista ki ga ƙarfe nawa ya faru. Zan yi mamaki in ba tsakanin biyun dare da shidan safe ba ne.

Tsarin da ya fi sauƙin ɗauka shi ne rukuni huɗu, mutum bibbiyu, awa 12. Yau yini, gobe kwana, sannan kwana biyu a gida: na farko na ramuwar barci ne, na biyu shi ne hutun gaske. Awa 24 cikin kwana huɗu, 42 ke nan a mako. Mutum takwas yake so, ke kuma bakwai gare ki. To abin da za ki nema wurin darakta ke nan: mutum ɗaya, ko da mataimakin nas ne daga ɗakin kwanciya, a haɗa shi da wanda ya fi gogewa. Kada ki shiga ofis ki ce muna shan wahala, kowa a asibitin zai ce shi ma haka. Kai masa shafi guda: awoyin kowane ma'aikaci na wata uku, da yawan marasa lafiya awa-awa daga rajista. In hujjar waje yake so, binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pensilbeniya a Amurka ya nuna kowane ƙarin mara lafiya guda a kan nas yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari, ya ƙara yiwuwar nas ta ƙosa da aiki da kashi 23. Ki sani dai takwas ɗin nan na lallaɓawa ne. In za a ba kowa hutunsa na shekara yadda ya kamata, gurbi biyu mutum goma suke ci.

Ko an ba ki na takwas ko an hana, akwai abin da ke hannunki yau. Kada wani ya yi kwana fiye da biyu a jere. Tsakanin tashi daga aiki da komawa kada ya gaza awa 11. Jadawali ya fito wata guda kafin lokaci, kuma musaya sai a rubuce da sa hannunki, domin a musayar bayan fage ake samun mai neman kuɗi ya haɗa kwana uku. Wanda ya kwana ba ya zaman taron safe, ba ya raka mara lafiya a motar asibiti zuwa Marwa. Sannan ki ƙirga kwanan kowa, da Asabar da Lahadinsa, da ranakun Salla da Kirsimeti, ki manna a bango. A wurare da yawa za ki tarar waɗanda asibiti ke biya, masu ƙaramin albashi da ba ya zuwa kan lokaci, su ke ɗauke da mafi yawan dare. Mutum na jure aiki mai nauyi in ya ga an raba daidai. Ganin an fifita wani shi ke sa ya saki hannu. Haka kason kuɗin shiga da ake raba wa ma'aikata: a faɗi yadda aka lissafa, ko da kaɗan ne.

Adda Fadimatu, nas ta lafiyar ƙwaƙwalwa, Ngaundere

Lissafin Hamma Bello ba ni da abin cirewa a ciki. Nawa ɓangaren mutanen ne.

Hadiza, abin da kika kwatanta sananne ne, ƙosawa da aiki ke nan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, amma ta ce ba cuta ba ce, abu ne da wurin aiki ke haifarwa in matsi ya daɗe ba a magance shi ba. Alamu uku ta ba shi: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan aikin kansa ya ragu, mutum ya ji ba ya tsinana komai. Wadda kika ce ba ta ɗaga kai, alama ta biyu ce a fili. Ba mugunta ta koya ba. Rijiya ce da ake ta ja ba a barinta ta tsattsafo. Wanda ya ga yara da yawa sun cika a hannunsa, kan abin da ya san da jini ko iskar oksijin sun zo da wuri da an yi wani abu, zuciyarsa kan daina kallon fuska don ta samu ta ƙarasa dare. Kuma galibi waɗanda suka fi sa aikin a rai su ke fara kaiwa nan. Shi ya sa taron nasiha ke ƙara dagula lamari: ka tara mutumin da laifin kansa ya riga ya cika masa ciki, ka ce ya ji tsoron Allah. Ba wanda ya raina haƙuri da addu'a, amma ba sa mai da awa 67 ta koma 40.

Sai dai kada a kira kowace gajiya da suna ɗaya. A fara da jiki: a auna jini, a yi gwajin zazzaɓi, suga, hawan jini, ciki ga mata, da tarin da ya wuce mako biyu. Ma'aikatan asibiti su ne na ƙarshe wajen zuwa a duba su, sai dai su haɗiyi farasitamol su wuce.

Na biyu ciwon damuwa. Bambancin da ya fi amfani shi ne wannan: mai ƙosawa da aiki in ya samu mako guda a gida, ko ya je biki a ƙauye, sai ki ga ya dawo mutum, ran komawa aiki kuma ciki ya ɗuri ruwa. Mai ciwon damuwa duk inda ya je abin na biye da shi. Tambaya biyu sun isa a fara tantancewa: cikin mako biyun nan, kusan kullum kina jin baƙin ciki ko yanke ƙauna? Abubuwan da kike jin daɗinsu da, sun fita ranki? In ta amsa e, ga rashin barci ko da ranar hutu, ga rama, wannan na likita ne, canjin jadawali kaɗai ba zai warkar da shi ba. Kuma ki tambaya kai tsaye ko tana tunanin mutuwa ta fi mata, ko cutar da kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ta ce e, ba a barinta ita kaɗai, ba a barinta da makullin kabad ɗin magani, kuma ranar za ta ga likita.

Na uku firgicin da ke biyo bayan mugun gani. A yankinku ba baƙon abu ba ne. Waɗanda suka karɓi masu rauni bayan hare-haren bam na Fotokol da Marwa a Yulin 2015, da abin da ya biyo baya a wajen Kolofata da Mora, wasunsu har yau suna bakin aiki. Alamunsa daban ne: mugun mafarki, abin ya riƙa dawowa kamar yanzu yake faruwa, wari ko ƙarar jiniya ta sa jiki rawa, gudun wani gado ko wani irin rauni. In ya wuce wata guda, a tura wurin masani.

Na huɗu kowa ya san shi, ba a dai faɗa: tramol. Ba 'yan babur kaɗai ke sha ba. Ana farawa da ƙwaya ɗaya don ciwon baya da ƙarasa dare, a bi da diyazefam, maganin kwantar da jiki, da safe don barci ya zo. Iyakar abin da ake ba babba a yini miligiram 400 ne, na kasuwa kuwa akwai mai 225 a ƙwaya guda, biyu sun haura iyaka. Yana kawo jijjiga, kuma haɗarin na ƙaruwa in an haɗa shi da maganin damuwa irin su amitriptilin. Wanda ya saba, ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita.

Yadda za ki buɗe magana: ke da ita kaɗai, ba a ofishin da ake ba da tuhuma ba, ba kuma da safen da ta kwana ba. Faɗi abin da idonki ya gani, ban da hukunci. "Na ga kwana biyu kin rame, kin daina cin abinci da mu. Lafiya dai?" Sai ki yi shiru. Shirun nan shi ne da wuya, majo da yawa kan cike shi da labarin wahalar da suka sha a zamaninsu. In za a tura ta ganin wani, a nemi wanda ba a asibitinku yake ba in da hali. Tsoron a ce wance ta taɓu shi ke hana mutane zuwa, kuma asibitin gunduma ba ya riƙe sirri.

Bayan dare mai muni, kamar motar kasuwa ta kife ko yara uku sun rasu a jere, kada a tilasta wa kowa zama ya zayyana abin da ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama na dole, haka ba ta yarda a ba da diyazefam da danginsa don firgicin watan farko ba. A ba su ruwa da abinci, su wanke jiki, su kira gida, a samu mai kai su. Bitar abin da ya faru ta fuskar aiki a yi ta bayan kwana biyu ko uku. Ke kuma ki sake tuntuɓar kowa bayan mako guda, da bayan wata.

Baba Ɗanladi, Kusseri

'Yata Hadiza, sun faɗa miki na jadawali da na zuciya. Ni ƙofa zan yi miki magana a kai, domin rabin abin da ke cin nas a sashen gaggawa ba jinya ba ce. Shi ne mai gadi, shi ne tafinta, shi ne mai bin bashi, shi ne mai ba da haƙuri.

Fara da tantancewa. In ba a tantance ba, mai ƙarfin murya da mai ɗan'uwa a asibiti su ake fara gani, nas kuma na aiki da fargabar akwai wani can kan benci da ke mutuwa shiru. Tebur ɗaya a bakin ƙofa, launi uku: ja a shiga yanzu, rawaya a gani da wuri, kore ya jira ko a tura shi ɗakin ganin likita na yau da kullum. Ga yara akwai tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fi sani da TETU a ƙasashenmu. Ja shi ne wanda numfashi ya toshe ko yake ja da ƙyar, leɓe ya canja launi, hannu ya yi sanyi kuma in ka danna farce jini bai dawo ba cikin daƙiƙa uku, wanda ya suma, mai jijjiga, da mai gudawar da ido ya faɗa fata ta saki. Jaririn da bai kai wata biyu ba, da yaron da tafin hannunsa ya yi fari fat, ba sa bin layi. Duban nan bai kai minti guda ba. A rubuta shi a allo da Faransanci, a zana launukan, mai gadi ya iya bayaninsa da Fulatanci da Hausa, a nan wajenmu har da Larabcin Shuwa. In mutane sun san dalilin da aka wuce da wani gabansu, faɗa na raguwa.

Sai kabad ɗin gaggawa. Babu abin da ke karya zuciyar nas kamar yaro na jijjiga a gabansa, ya rubuta takardar magani, uba ya fita neman kuɗi, a yi ta jira. Wasu su sa hannu a aljihu su saya, wata ya ƙare ba su da na cefane. Wasu su koyi kau da kai. Dukansu biyu hanyar ƙosawa ce. A ware kabad mai makulli da abin awa ta farko kawai: kanula, wato allurar da ake bari a jijiya, lamba 18, 22 da 24, layin ƙarin ruwa, ruwan ƙari na Ringa da ruwan gishiri, gulukos kashi 10, diyazefam, adrenalin, artesunat na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, seftriyazon, safar hannu, zaren ɗinki, jakar hura iska ta manya da ta yara, da tocila mai caji don in an ɗauke wuta. A ƙirga a kowace miƙa aiki, a cike gurbin abin da aka ɗauka cikin awa 24. Bin kuɗin kuwa aikin akawu ne. Ran da aka ce nas ne zai biya abin da dangi ba su biya ba, kabad ɗin ya mutu, domin ba mai sake buɗe shi.

Dangi: mai jinya ɗaya ga kowane mara lafiya, sauran a waje, da benci da inuwa da randar ruwa. Wanda aka bari tsaye cikin ranar Afrilu ba labari, da faɗa zai shigo. Kowace awa wani ya leƙa ya ce ga halin da ake ciki, ko da bayanin shi ne har yanzu muna jiran jini. Labarin rasuwa ba a faɗarsa a baranda, ba kuma nas ɗaya ke faɗa ba. Mutum biyu, a zaune, a nemi babba cikin dangin, a yi masa da harshen da yake ji. In wani ya harzuƙa, nas ya tsaya ta wajen ƙofa, ya bar tazara, ya sassauta murya, kada ya ce masa kwantar da hankalinka, ya tambaye shi me yake so a yi yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya ana kai musu hannu a wani lokaci na aikinsu. A buɗe littafi, duk zagi da barazana da duka a rubuta da rana da awa. Wanda aka mara, washegari aka ce ya yi haƙuri ya koma gado na gaba, ya gane matsayinsa a gidan.

Malam Isa, mai haɗa magunguna, Njamena

Hamma Bello, a yi mini afuwa, awa 12 ɗin nan ina da ja a kai. A takarda 12 ce, a ƙasa 13 ce, domin miƙa aiki da rubutu na cin awa. Binciken Ann Rogers na 2004 a Amurka ya nuna daga awa 12 da rabi zuwa sama haɗarin kuskure na ninkawa kusan sau uku. Ta fi 16 nesa ba kusa ba, amma sai an tsare lokacin tashi. Miƙa aiki minti 15 a bakin gado, abu huɗu kan kowane mara lafiya: halin da yake ciki, abin da ya kawo shi, abin da na gani, abin da ya rage a yi da ƙarfe nawa. Kuma a duba lokacin canjin. Ƙarfe 7:30 na dare mace za ta fita neman babur cikin duhu. Ƙarfe shida kuma ya faɗa kan magariba, da azumi ya faɗa kan buɗa-baki. A zauna da ma'aikatan su zaɓa da kansu. Da azumi abokan aiki Kirista kan riƙe yammaci, Musulmi su rama musu da Kirsimeti da Ista. A sa shi cikin jadawali, kada a bar shi ga alfarma.

Kan kuskuren allura, a daina dogaro da ƙwaƙwalwar wanda bai yi barci ba. Ɗauki artesunat. Miligiram 2.4 ne kan kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne, a awa ta farko, ta 12 da ta 24. Kwalbar miligiram 60 ana narka ta da mililita 1 na bikarbonat, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri in ta jijiya ce, ya zama miligiram 10 a kowace mililita, ko mililita 2 in ta tsoka ce, ya zama 20. Yaro mai kilo 12 miligiram 36 yake so. Wanda ya haɗa irin na tsoka, ya ja adadin na jijiya, ya ninka masa magani. A nan ake faɗawa. A manna allon kilo da mililita a bango daidai ido, layi biyu da launi daban, kuma abin da aka haɗa a yi amfani da shi cikin awa guda. Kwalaben fotasiyam a fitar da su daga ɗakin kwata-kwata, sun yi kama da na ruwan gishiri, kuma tura shi kai tsaye a jijiya na tsayar da zuciya. Kinin ma ba a tura shi kai tsaye, cikin ƙarin ruwa ake sa shi ya sauka a awa huɗu. Dubawar da nas na biyu ke yi wa lissafin allura ba ita ce "mililita huɗu ko?" a ce e ba. Na biyun ya lissafa nasa bai ji amsar na farko ba.

Tramol, diyazefam, ketamin da morfin a ƙirga da sa hannun mutum biyu. Kariya ce ga mai gaskiya, kuma ta nan ake gane wanda Adda Fadimatu ta ambata tun abin bai yi nisa ba. Sannan gajiyayye shi allura ke sokewa. Kowa ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku. In ta soki mutum, ya wanke da ruwa da sabulu, kada ya matse, ya jiƙa wurin a ruwan kashe ƙwayoyin cuta na Dakin minti biyar. Maganin kariyar ƙanjamau a fara shi cikin awoyin farko, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Ya kasance a inda mai kwana zai kai hannu, ba a ofishin da ke kulle daga Juma'a zuwa Litinin ba.

Hadiza M., Arewa Mai Nisa

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Saura biyu. Barci a bakin aiki a nan laifi ne, amma kowa ya san ana yi a ɓoye. A hana ko a bari? Kuma takardar tuhuma, a jefar da ita ke nan gaba ɗaya?

Hamma Bello, Garwa

Malam Isa ya yi gaskiya kan lokacin tashi, na karɓa.

Barci a fito da shi fili a tsara shi, domin na ɓoye shi ne mai haɗari: su biyun su kwanta tare, ko ɗaya ya ɓace ba a san inda yake ba. Tsakanin ɗayan dare da huɗu, bi da bi, minti 20 zuwa 30, a ɗakin da aka sani, a rubuta wa ya shiga da ƙarfe nawa. In ya wuce haka barcin ya yi nauyi, mutum ya tashi da maye. Wanda ya tashi ya wanke fuska, ya ba kansa minti 15 kafin ya taɓa sirinji. In akwai mai launin ja a ɗaki, ba mai kwanciya. Shayi da goro da kofi a farkon dare, a tsaya wajen ƙarfe biyu, domin bayan awa biyar rabin abin na nan a jini, ya hana barcin safe. A gida a kwanta da an isa, tun kwano bai ɗau zafi ba, a ƙara wani bayan azahar. Wannan sai an yi magana da mutanen gida, musamman mazajen da ke ganin wadda ta kwana a asibiti ta dawo ke nan ta ɗora tukunya. Wanda ido ke rufe masa kada ya tuƙa babur, a ɗauke shi.

Tuhuma tana nan da wurinta: satar magani, karɓar kuɗi a hannun mara lafiya, barin gurbi ba sanarwa, ƙarya a rajista. Kuskuren da aka kama kafin ya kai ga yaro kuwa, in kika hukunta shi, na gaba ba za ki ji labarinsa ba. Buɗe masa littafi daban ba suna, awa da magani da abin da ya jawo kawai. A watannin farko adadin zai hau, kada darakta ya firgita, kawo rahoto ne ya ƙaru ba kuskuren ba. Bayan wata uku ki kwatanta kwanakin hutun rashin lafiya, yawan musaya, da littafin Baba Ɗanladi da na watanni ukun da suka gabata, ki fara gwajin kuma tun Mayu ko Yuni, kafin yaran damina su fara zuwa.